Gilashin Mannawa da Funfunar da ke Cin Ido

 Yau shirinmu na kiwon lafiya zai leƙa cikin ido ne, ya duba wata cuta da ba kasafai ake jin labarinta ba, amma in ta kama mutum takan iya raba shi da ganinsa cikin 'yan makonni. Cutar ita ce gyambon ido da funfuna ke haddasawa, musamman ga masu sa ɗan gilashin nan mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido, wanda 'yan birni ke ce wa lens.

Ranar 8 ga Maris, 2006, wani likitan ido a jihar New Jersey ta Amurka ya aika wa hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasar, wato CDC, rahoton wani abu da ya ɗaure masa kai. Cikin wata uku kacal ya ga marasa lafiya uku da gyambo a ido, kuma dukkansu funfuna iri ɗaya ce ta cinye su, wadda masana ke kira Fusarium. Mutum uku ba su taka kara sun karya ba a idon wanda bai san harkar ba. Amma a yankin da ake sanyi irin New Jersey, likita kan iya shafe shekaru bai ga irin wannan gyambo ko sau ɗaya ba, domin an fi saninsa da manoman ƙasashe masu zafi da damshi. Waɗannan kuwa ba manoma ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne duk suna sa lens.

Ashe can nahiyar Asiya an riga an shiga wannan hali. Likitocin Singafo da na Hong Kong sun soma ganin irin waɗannan marasa lafiya tun cikin 2005. A Singafo kaɗai an ƙidaya mutum 66 tsakanin Maris 2005 da Mayu 2006, akasarinsu matasa masu ƙoshin lafiya, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar kusan dukkansu ruwan wanke lens na kamfani ɗaya suke amfani da shi. Tun a watan Fabrairun 2006 aka daina sayar da ruwan a waɗannan wurare biyu.

A Amurka kuwa lamarin ya ci gaba da ruruwa. Zuwa ƙarshen Yunin 2006 an tabbatar da mutum 164 a jihohi 33 da wani yanki guda da ke ƙarƙashin ƙasar. Daga cikinsu 154 masu sa lens mai laushi ne. Mutum 55, wato kusan ɗaya cikin uku, magani bai wadatar da su ba, sai da aka kai ga batun yi musu dashen tantanin ido. Ruwan da zargi ya faɗa kansa shi ne ReNu with MoistureLoc na kamfanin Bausch & Lomb. A watan Afrilu aka tsayar da sayar da shi a Amurka, ranar 15 ga Mayu kuma kamfanin ya janye shi daga kasuwannin duniya baki ɗaya. Bayan 'yan makonni sai masu kamuwa suka ragu sosai.

Kafin a je ga abin da binciken ya gano, ya kamata mai sauraro ya san wurin da wannan cuta ke yi wa ɓarna. Idan mutum ya dubi madubi ya kalli baƙin idonsa, akwai wani tantani garai-garai da ya rufe shi, wanda saboda tsabar haskensa ba a ma lura da shi. Likitoci na ce masa koniya. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗoriya kaɗan ba, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske domin mutum ya gani tangaran. Wani abin mamaki game da shi, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Iskar da yake shaƙa daga sarari take zuwar masa kai tsaye, ta narke cikin hawaye sannan ta ratsa shi. Rashin jinin nan shi ya sa yake garau, kuma shi ya sa idan cuta ta kutsa cikinsa sojojin jiki ba sa isa wurin da wuri. A ɗaya gefen kuma cike yake da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa ɗan ƙwayar yashi ɗaya kan hana babban mutum sakat.

To a kan wannan tantani ake ɗora lens. Yana rage iskar da ke isa gare shi, yana hana hawaye wanke shi yadda ya saba, kuma wajen sawa da cirewa yakan bar 'yar ƙujewa da ido ba ya gani. Muddin fatar saman tantanin tana nan lafiya lau, funfuna ba ta da hanyar shiga. Da zarar an sami ƙujewa, ga kuma lens ɗauke da ƙwayoyin cutar ya danne su a kan wurin na tsawon sa'o'i, to ta samu.

Ita kanta Fusarium ba baƙuwa ba ce a wurin manomi, ko da bai san sunanta ba. Tana zaune cikin ƙasa da jikin tsirrai. Danginta ne ke sa tumatir ya yi yaushi ya bushe a tsaye, su ne kuma ke ruɓar da masara da ayaba. A cikin gida takan samu mafaka a magudanar ruwan banɗaki da bakin famfo. 'Yar'uwarta Aspergillus, wadda ke yi wa gyaɗa da hatsi funfuna a rumbu, ita ce aka fara kamawa da laifin cin ido. A 1879 wani likita Bajamushe, Theodor Leber, ya rubuta labarin wani manomi da ƙaiƙayin hatsi ya faɗa wa a ido, gyambo ya biyo baya, da aka duba sai ga funfuna. Har gobe ta wannan hanya cutar ta fi kama mutane a duniya: zangarniya ta mari ido lokacin girbi, ko ganyen dawa ya yanke shi, ko ƙaiƙayi ya shiga wajen sussuka da shiƙa. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda aka yi kan masu gyambon ido fiye da dubu a Ghana da kudancin Indiya, ya gano funfuna ce ke da alhakin kashi 42 cikin ɗari. A 2021 kuma wasu masana suka ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da ita kowace shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka, kuma kusan ɗaya cikin goma sai an cire masa idon ɗungurungum. Abin da lens ya yi shi ne ya ɗauko cutar gona ya kai ta ɗakin ɗalibai da ma'aikatan ofis.

Da masu bincike suka shiga masana'antar da ke haɗa ruwan a garin Greenville na jihar South Carolina, kowa ya zaci za a tarar funfuna ta gurɓata tankuna. An duba masana'anta, an duba rumbun ajiya, an fasa kwalaben da ba a taɓa buɗewa ba, ba a sami Fusarium ba. Da aka gwada funfunar da aka ciro daga idanun marasa lafiya, sai aka ga iri-iri ce, ba daga tushe ɗaya ta fito ba. Ma'ana, kowa daga muhallinsa ya kwaso tasa.

Sai hankali ya koma kan ɗan mazubin nan mai rami biyu da ake kwantar da lens a ciki da dare. Mutum ya ciro lens daga mazubin da safe, ya bar ragowar ruwan jiya a ciki, murfi a buɗe, a gefen wurin wanke hannu. Kafin dare rabin ruwan ya ƙafe, ya bar wani zobe mai yauƙi a jikin robar. Maimakon a zubar a wanke, sai a ɗan ƙara sabo a kan tsohon, don kwalbar ta yi auki. Gwaje-gwaje sun nuna cewa shi wannan ruwa na MoistureLoc, wanda aka zuba wa sinadarai masu riƙe damshi don ido ya ji daɗi, idan ya soma ƙafewa yakan zama wani ɗan ɓawo da funfuna ke laɓewa a ciki ta rayu, sinadarin kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, mai suna alexidine, ya kasa yi mata komai. Daga mazubi ta hau lens, ta kafa saiwa a jikinsa, daga lens ta sauka a ido.

A nan akwai inda gaskiya ta rabu gida biyu. Ba daidai ba ne a jibga wa masu amfani da ruwan laifin duka, domin masu sakaci irin wannan suna nan cikin masu amfani da ruwan sauran kamfanoni, amma ba su kamu da yawa haka ba. Kayan da sai wanda bai taɓa kuskure ba zai tsira da shi, bai cancanci zama a kasuwa ba, kuma kamfanin ya sha ƙararraki a kotu a kan haka. Sai dai janye kwalba ɗaya bai kashe funfunar da ke banɗakin kowa ba. Shekara ɗaya bayan nan, a 2007, aka sake janye ruwan wani kamfanin daban, wannan karon saboda wata ƙwayar cuta da ke rayuwa cikin ruwa, mai suna Acanthamoeba, wadda ita ma gyambonta ke da wuyar magani. Kuma wani binciken jin ra'ayi da CDC ta fitar a 2015 ya nuna kusan kashi 99 cikin ɗari na masu sa lens da aka tambaya sun amsa cewa suna yin aƙalla abu ɗaya da ke jefa idonsu cikin haɗari.

Wani zai ce ai wannan matsalar lens ta ƙasashen waje ce. Da can haka ne. Yanzu kuwa duk wanda ke halartar biki a manyan garuruwanmu, ko yake duba hotunan amare a Instagram da TikTok, ya san idon amarya kan sauya launi ranar kamu ko dina, ya koma ruwan toka ko ruwan zuma. Lens ɗin kwalliya ne. Ana sayar da shi a shagunan kayan shafa da ta intanet, ba gwajin ido, ba mai koya wa yarinya yadda ake sawa da cirewa. Sau da yawa mai kwalliya ce ke manna mata shi, da yatsun da ta gama shafa hoda da jan baki, wani lokaci da dogayen ƙumba na kanti. Amarya ta wuni da shi, ta yi kukan rabuwa da gida da shi, kwalli da gashin ido na roba suna zuba a kai, dare ya yi gajiya ta kwashe ta ba ta cire ba. Washegari ƙawa ta ce a ara mata ta je walima.

Kowane mataki a cikin wannan akwai haɗari. Idanu ba girmansu ɗaya ba, lens ɗin da ya matse ko ya yi sako-sako yana goge tantanin. Shi ya sa a Amurka tun 2005 doka ta sa kowane irin lens, har da na ado zalla, cikin jerin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita. Aro kuwa, ɗaukar ƙwayoyin cutar wani ne a dasa a ido.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya fi shafar mu. Ruwan famfo, ruwan rijiya, ruwan leda, har ruwan gora, babu wanda ya dace ya taɓa lens ko mazubinsa. Ruwan da ya isa a sha lafiya bai isa a jiƙa lens da shi ba, domin cikin mutum yana da hanyoyin kashe abin da ido ba zai iya kashewa ba. Haɗa ruwan gishiri a gida ma bai tsirar ba, balle a lasa da miyau kamar yadda wasu ke yi idan ya faɗo. Ga mai alwala sau biyar a rana, wanke fuska bai buƙatar shigar da ruwa cikin ƙwayar ido, don haka sai ya runtse ido sosai, kuma kada ya taɓa lens sai hannunsa ya bushe. Wanka da iyo kuwa, a cire tukuna. Lokacin hunturu ƙura kan shige ƙarƙashin lens, mutum ya yi ta murza ido, yana ƙuje tantanin da kansa. A irin ranakun da hazo ya yi yawa, tabarau ya fi zama alheri.

Barci da lens na ninka haɗarin kamuwa da gyambo sau shida zuwa takwas, a ƙididdigar CDC, kuma gyangyaɗin rana ma barci ne. Shi kuma mazubi, kullum a zubar da tsohon ruwa kaf, a cuɗa shi da sabon ruwan lens, a kife shi a kan tsabtataccen tishu ya sha iska, sannan a sauya shi duk bayan wata uku. Wanda ke sa lens jefi-jefi, mafi sauƙi gare shi shi ne irin wanda ake sawa sau ɗaya a yar, don ya huta da mazubi gaba ɗaya.

Amma abin da ya fi makantar da mutane a wannan cuta shi ne jinkiri. Gyambon bakteriya yakan zo da gaggawa, cikin kwana ɗaya ko biyu ido ya kumbura ya cika da kwantsa, dole a nemi asibiti. Na funfuna kuwa sannu-sannu yake tafiya. Da farko mutum zai ji kamar yashi ya shiga idonsa. Sai ja, sai tsiyayar hawaye, sai ya ga ba ya son haske, gani ya soma dishi-dishi. Bayan kwanaki wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin idon. Kafin nan an riga an ce apolo ce, an je kemis.

A kemis ɗin ne sau da yawa ake yin mummunar ɓarna. Yawancin magungunan ɗigawa da ake miƙa wa mai jan ido suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone. Da an ɗiga, ja ya ragu, zafi ya lafa, mutum ya ce ya dace da magani. Alhali abin da maganin ya yi shi ne kwantar da garkuwar idon, ya bar funfuna tana nutsawa ba mai tare ta. Kwana kaɗan ciwon ya dawo ya fi na da. Haka nan masu matsa ruwan ganye, ko nonon mai shayarwa, ko ruwan sukari, ko tozali a idon da ke da miki: shi ruwan ganye ma wata sabuwar funfunar yake iya kawowa. Apolo dai ba ta cika rage gani ba, kuma ba ta sa farin ɗigo a baƙin ido. Duk jan idon da ya zo da zafi mai tsanani da raguwar gani, ga mai sa lens ko wanda kara ya tsokane wa ido, gyambo ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

A asibitin ido, likita zai zaunar da mara lafiya gaban wata na'ura mai fitila da madubin ƙara girma, ya ɗora haɓarsa a kanta. Gyambon funfuna yana da kamanninsa: fari-fari ne ko ruwan toka, a bushe, ya ɗan tasa, gefensa ba a daidaice ba sai ka ce bakin gashin tsuntsu, wani lokaci da 'yan ƙananan ɗigo kewaye da babban. Idan ya yi nisa, har mugunya kan taru ta kwanta a ƙasan baƙin idon. Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗiga maganin kashe zafi, a sa wata 'yar siririyar wuƙa a kankaro kaɗan daga bakin gyambon, a duba a madubin ɗakin gwaji ko za a ga zare-zaren funfuna, a kuma shuka sauran a jira ya tsiro, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Shi ya sa ake son mara lafiya ya zo da lens ɗin da mazubinsa da kwalbar ruwan, kada ya zubar, domin a jikinsu akan kama mai laifin.

Maganin da aka fi dogara da shi sunansa natamycin, wanda aka samo a 1955 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar yankin Natal na Afirka ta Kudu. Wani babban gwaji da aka yi a kudancin Indiya kan mutum 323, aka buga sakamakonsa a 2013, ya nuna ya fi sabon maganin voriconazole aiki, musamman a kan Fusarium. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, amma har yanzu samunsa na da wuya a ƙasashen Afirka da dama, inda aka fi buƙatarsa. Jinyar kuma sai mai haƙuri. A kwanakin farko kowace awa ake ɗigawa, dare da rana, sai an sa agogo yana tashin mutum, ko wani ɗan'uwa ya kwana a kansa. Daga nan a riƙa ragewa a hankali, har tsawon makonni ko watanni. Wanda ya ga sauƙi ya daina da kansa, cutar na iya dawowa.

Ko an warke, wurin kan bar tabo, wato hakiya, kuma idan ta zauna a tsakiyar ido gani ba ya komawa yadda yake. Idan kuwa gyambon ya huda tantanin, sai dashe, a yanke wanda ya lalace a ɗinka na wani mamaci da ya bayar da nasa. Waɗancan Amurkawa 55 suna ƙasar da ake samun tantanin dashe cikin sauƙi. A duniya baki ɗaya, wani ƙiyasi na 2016 ya nuna tantani ɗaya ake samu ga kowane mutum 70 da ke jira, kuma yankinmu na cikin inda ƙarancin ya fi tsanani.

Saboda haka kiran shirin na yau ga iyaye mata, da masu kwalliyar amare, da ɗalibai, da manoman da ke shirin girbi: wanda duk ya ji zafi a ido yana sanye da lens, ya cire shi nan take, kada ya mayar, kada ya ɗiga komai daga kemis, ya nufi asibitin ido a ranar, ba gobe ba. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai kuma sashen ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Wanda kuma ke sha'awar fara sa lens, na gyaran gani ne ko na ado, ya fara zuwa a auna idonsa tukuna. Allah Ya kare mana ganinmu.